Jan Biskit a Garar Hadiyya

Tun da aka kai Hadiyya ɗakinta a Isa, gidansu na Sabon Birni bai huta da ƙamshin mai ba. Aikin gara ake yi, kayan da dangin amarya za su kai gidan miji ranar da ta cika kwana bakwai. Gwaggo Mairama, ƙanwar babansu, ita ke riƙe da aikin. Alkaki nata ne, nakiya tata ce, dubulan kuwa ba mai zuwa kusa da kaskonsa sai ya wanke hannu a gabanta. Ta kafa murhu uku a tsakar gida, ta zauna bisa kifaffen turmi, tana ba da umarni da bakin ludayi.

Sadiƙa, yayar amarya, nata murhun yana can bayan rumbu, inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Wata huɗu ke nan da ta gama jami'a a Sakkwato, tana jiran a kira su bautar ƙasa. Mai kunya ce tun tana ƙarama. In baƙi suka shigo, gaisuwa take yi ta sulale ɗaki, daga bayan labule ta ga komai, ta riƙe komai, ba ta ce komai ba.

Abin da take yi a bayan rumbun roƙon Hadiyya ne. Bara, da Hadiyya ta kai mata ziyara makaranta, ta tarar da ita da wata abokiyar ɗakinta suna gasa wani jan biskit mai taushi, wanda ake manna shi biyu-biyu da farin kirim mai ɗan tsami a tsakani. Hadiyya ta ci huɗu a tsaye. Sunansa na Turanci ya yi mata tsawo, sai ta riƙa ce masa karammiski. Ranar da za a tafi da ita gidan angonta Marwan, tana cikin lulluɓi, ta laluɓo hannun Sadiƙa ta ce abu ɗaya take so: a sa mata karammiski a cikin gara, dangin mijinta su ci abin da ba su taɓa ci ba, su san gidan da ta fito.

Sadiƙa ta ce to. Daga ranar ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

Fulawa da sukari da ƙwai ba su yi wuya ba, garin cakulan kuma tana da sauran gwangwani ɗaya da ta zo da shi daga Sakkwato. Jan launi ne babu a garin, kuma ba a aika mutum Sakkwato a wannan hanyar mai 'yan bindiga don 'yar kwalbar kala. Ta gwada ruwan zoɓo. Kwaɓin ya yi ja mai kyau, amma da ya sha wuta sai ya fito kamar tokar murhu. Ta tsaya tana kallonsa, har kaji suka taru suna jiran ta yanke shawara. Innarta ce ta wuce ta ga abin, ta shiga ɗaki ta fito da damin karan dafi, irin wanda take dafa wa masu jego, ta ajiye mata. Sadiƙa ta dafa shi har ruwan ya ƙone ya koma 'yan cokula, ja wur mai duhu. Wannan bai gudu a wuta ba.

Kirim ɗin kuma da kindirmon Habi ta yi shi, Bafulatanar da ke kawo musu nono tun suna yara. Ta juye shi a farin ƙyalle mai tsabta, ta ɗaure, ta rataye kusa da randa ya kwana yana ɗiga. Da safe abin da ya rage a ƙyallen ya yi kauri kamar man kaɗanya. Ta buga shi da man shanu da sukarin da ta daka ta tankaɗe sau uku, har ya yi santsi, ya tsaya a cokali bai zuba ba.

Gashin a babbar tukunya ta yi shi. Ta zuba rairayi a ƙasa, ta ɗora faranti bisa duwatsu uku ƙanana, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Goma sha biyu farantin ke ɗauka. Kowane zubi sai ta ɗaga murfin sau uku ko huɗu, ta leƙa, ta rufe, ta zagaya rumbu, ta dawo ta sake leƙawa. Yini guda ta yi a haka ranar Juma'a. Ta jera su a tire suka huce, jajaye, fuskarsu da 'yan tsage-tsage, in ka danna da yatsa su lotsa su dawo.

Ranar Asabar da sassafe ta manna su. Cokali ɗaya na kirim, a ɗora ɗan'uwansa, a ɗan murza har farin ya leƙo ta gefe. Ta shimfiɗa ƙanƙarar da ta sayo a cikin leda a ƙasan babbar kula, ta sa faranti a kai, ta jera su, ta rufe. Sannan ta kai kular ƙofar zaure inda ake tara kayan, ta ajiye a gefe kusa da buhun shinkafa.

Gwaggo Mairama tana duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kan kular sai ta tsaya, ta nuna ta da haɓa.

"Wagga hwa?"

"Biskit ɗin Hadiyya na, Gwaggo."

"Na san biskit na, ina da hanci. Kular nika tambaya. Asibiti za mu? Gara ba ta shiga gidan surukai cikin roba awa an zo duba marar lahiya."

Matan da ke wurin suka yi dariya. Sadiƙa ta ce, a hankali, akwai ƙanƙara a ƙasa. Gwaggo ta ce ai shi ya fi muni, ƙanƙara ruwa ce, kafin a kai rabin hanya ta jiƙe mata alkaki. Ta sa aka ɗauko sabuwar kwalla shuɗiya mai furanni, ta kwashe biskit ɗin da hannunta ta jera a ciki har ya yi tozo, ta ɗora murfi, ta naɗe da ƙyallen atamfa. Ta yi masa irin ƙullinta, mai kunnuwa biyu a tsaye, wanda duk dangi ba mai iya yin irinsa.

Sadiƙa ta yi lissafi a ranta. Zuwa Isa bai kai awa biyu ba, in hanya lafiya. Ta tuna lokacin auren yayansu Usaini, da aka kawo gara gidansu, ko ruwa masu kawowa ba su gama sha ba aka kwance komai, aka hau rabo. To kafin azahar an cinye. Ta haɗiye sauran maganarta. 'Yan mata ba sa bin gara, don haka a bakin zaure ta tsaya har motar Labbo direba, da ta ɗauki mata da kaya, ta sha kwana.

Yinin nan ta share bayan rumbu sau biyu. Ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ta ɗauki littafi ta ajiye, ta fara tsefe kai ta bari a rabi. Inna ta ce in ba za ta zauna ba ta je ta tsaya a waje, tana sa mata jiri.

Da la'asar sakaliya matan suka dawo. Suka baje a tabarma suna ba da labari: an tarbe su da kaji, ɗakin amarya ya yi kyau, Hadiyya har ta yi ƙiba a kwana bakwai. Sadiƙa tana zagayawa da ruwa, tana jiran wata ta ambaci jan biskit. Ba wadda ta ambata. Sai da ta zo miƙa wa Gwaggo kofi ta durƙusa ta tambaya ko sun ci.

"Ci mi? Ko kwancewa ba a yi ba."

Gwaggo ta yi bayani tana yabawa, don tsarin ya burge ta. A gidan su Marwan ba mai taɓa ƙullin gara sai babbar gwaggon ango, Hajiya Saudatu, da ke zaune a Bafarawa. An shigar da kayan ɗakin ajiya an kulle. Hajiyar sai Litinin za ta zo, ranar da masu babura ke tasowa tare. Ita za ta kwance a gaban mata, ta kasa, a aika wa kowa nasa, tsofaffi da masu jego a fara da su.

Watan zafi ne, irin zafin da ko tabarma ba ta kwantuwa sai an yayyafa mata ruwa. Sadiƙa ta ce farin da ke tsakiyar biskit ɗin nono ne.

Gwaggo ta ce ta sani, ai ta ga tana tsane kindirmo. Sannan ta dube ta da kyau.

"Ba ki dahwa shi ba?"

"Ba a dahwa shi, Gwaggo."

Shekara arba'in Gwaggo Mairama tana haɗa gara, kuma duk abin da ta taɓa ɗaurewa ya bi ta wuta, ko ta mai, ko ta zuma. Alkakinta yakan yi wata biyu a kwano. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa wani zai sa ɗanyen abu a ciki. Ta ajiye kofin. Ba wadda ta faɗa, amma kowa ya ga abin: a tara mata, babbar gwaggo ta ɗaga murfi, wari ya bugi ɗaki. Ko kuma abin da ya fi wannan, a ce tsamin haka yake tun da baƙon abu ne, a kasa a kai wa mai jego. Kuma ba sunan Sadiƙa za a riƙe ba. Garar Hadiyya za a ce, har 'ya'yanta su girma su ji.

Inna ta ce a aika a ce su fitar da kwallar. Gwaggo ta ce a wane gari aka taɓa aika wa surukai a maido kwano daga cikin gara, kwana bakwai da kai yarinya? Sai su ce an ba su an yi nadama. Aka yi ta juya maganar, ba ta je ko'ina ba. Mota kuwa ba mai tayar da ita bayan la'asar.

Sadiƙa ta ɗauki waya ta fita. Tun jiya sabis ke wasa da mutane. Ta bi ta bayan makarantar firamare, inda yakan kama a kusurwar katanga, ta ɗaga wayar sama tana juyawa. A kira na shida ta shiga.

"Yaya," in ji Hadiyya, muryarta cike da murna. "Na hango kwalla shuɗiya da anka shigo da ita. Na san taki ta. Na hwaɗa ma ƙannen Marwan su shirya bakinsu."

Sadiƙa ta buɗe baki, layin ya yanke. Ta tsaya da wayar a hannu. Ko da bai yanke ba, me amaryar kwana bakwai za ta yi? Ko abinci ba ta iya ci a gaban uwar mijinta, balle ta nemi makullin ɗakin ajiya.

Da ta koma gida ta buɗe gwangwanin cakulan. Saura kaɗan a ƙasa. Ta duba fulawa, ta je maƙwabta ta samo ƙwai, ta jiƙa sauran karan dafi. Ta ce wa Inna, ba tare da ta ɗaga ido ba, gobe za ta Isa.

Ana idar da sallar asuba ta hura wuta. Ta buga man shanu da sukari har hannunta ya yi tsami, ta fasa ƙwai, ta zuba jan ruwan, ta tankaɗa fulawa da ɗan cakulan ɗin da bekin hoda. Zubin farko ya ƙone ta ƙasa, don ta cika wuta saboda sauri. Tana tsugune tana kankare farantin sai ta ga ƙafafu a gabanta. Gwaggo Mairama ce, da mayafin fita da jakarta a hammata.

Gwaggo ba ta yi maganar jiya ba. Ta janye itace biyu daga murhun, ta rage garwashin kan murfi da bakin ludayi, ta jawo turmi ta zauna.

"In kinka sake ɗaga murhin ga kahin in ce, za ni ɗaure miki hannuwa da ƙullina. Ke ba ki san hanci anka yi ma gashi ba?"

Sadiƙa ta zagaya rumbu sau biyar. A na shida Gwaggo ta shaƙi iska ta ce ta buɗe. Suka fito daidai, kuma saboda cakulan ya yi kaɗan, sun fi na jiya ja. Haka suka yi zubi bayan zubi, ɗaya na zaune ɗaya na kai da komo, har rana ta ɗago. Wannan karon Sadiƙa ba ta manna su ba. Ta jera su busassu a kwali, ta ƙulle dakakken sukari da man shanu da farin ƙyallenta daban. Gwaggo ta ce budurwa ba ta zuwa gidan surukai ita kaɗai, ta miƙe ta riga ta fita.

A tasha sai da suka jira motar Labbo ta cika, sannan suka jira sauran motoci biyu, don ba a tafiya ɗai-ɗai. Sadiƙa ta rungume kwalin a cinya, ƙafarta na rawa har matar da ke kusa da ita ta tambaya ko fitsari take ji. A kowane shinge da aka tsayar da su sai ta duba agogon waya. Gonaki sun bushe fari fat, an yi sharar wasu ana jiran ruwa, wasu kuwa an bar su da ciyawar bara. Ita ba ta ganin komai sai ɗaki mai rufin kwano da rana ke duka.

Hajiya Khadijat, uwar Marwan, ta yi mamakin ganinsu amma ba ta nuna ba. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Aka tambayi gajiyar jiya, da mutanen gida, da zafi, da hanya. Aka sake tambayar gajiyar jiya. Gwaggo ta ce dama wata 'yar mantuwa ce ta dawo da su, ta kewaya ta yabi kajin da aka ba su, ta koma kan zafi. Daga nan maganarta ta ƙare. Ta juya ta dubi Sadiƙa.

Sadiƙa ta kafa ido a kan zaren darduma. Muryarta ta fito ƙarama.

"Hajiya, abin da ke cikin kwalla shuɗiya ya lalace. Da ɗanyen nono anka yi shi, ba ya kwana. Ni na yi shi, kuma ni ban hwaɗa ba. Hadiyya ba ta san komi ba."

Hajiya Khadijat ta kwance makulli daga bakin zanenta.

Ɗakin ajiyar kamar tanda yake. Buhuna a jingine, jarkokin mai a jere, kwanoni a ɗaure an ɗora wasu kan wasu, kowanne da kunnuwansa biyu a tsaye. Tun daga ƙofa tsamin ya tarbe su. Hajiya Khadijat ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce shekara talatin da ɗaya tana gidan nan, ba ta taɓa kwance gara ba, ko ta 'ya'yan cikinta. Aikin Saudatu ne, kuma Saudatu ba ta mantuwa. Gwaggo ta ce ita ma ai ta riga ta miƙa, abin da aka miƙa ya fita hannunta. Hajiya ta ce ko a bari goben a tari Saudatu tun daga zaure a gaya mata. Gwaggo ta ce hakan ma shawara ce. Kowacce ta tsaya tana ba 'yar'uwarta girma, ba mai matsawa.

Sadiƙa ba ta jin su sosai. Ta ga abin da su ba su duba ba. An ɗora kwallar a karkace bisa babban kwanon alkaki. Ƙyallen ya jiƙe ta gefe ɗaya, wani ruwa mai ja-ja yana tsattsafowa daga ƙarƙashin murfin, ya bi atamfar ya taru a ƙasa. Tururuwa har sun yi layi. Saura kaɗan ya ratsa ƙyallen alkakin. Kafin gobe ba kwano ɗaya ne zai lalace ba.

Ba ta nemi izini ba, don ta san ba mai iya ba ta. Ta ratsa tsakaninsu, ta sauke kwallar ƙasa, ta kama kunnen ƙullin ɗaya ta ja. Ya kwance cikin sauƙi. Da ta ɗaga murfin, dukansu uku suka ja da baya. Biskit ɗin sun narke sun haɗe, farin ya koma ruwan ɗorawa yana kumfa.

Gwaggo ta fara taɓa ƙyallen alkakinta, ta ji shi a bushe, ta sauke numfashi. Sannan ta kawo dabara: a wanke kwallar, a zuba busassun da suka zo da su, ita ta sake ƙullinta, ba wanda zai sani. Hajiya Khadijat ta ce ita dai idonta ba ya gani sosai a ɗakin nan.

Sadiƙa ta dubi kwalin. Busasshen biskit ba shi Hadiyya ta roƙa ba. Kuma tana ganin yadda hannun Hajiya Khadijat ke murza makullin: matar za ta kwana da abin a ciki, ta tashi ta kalli yayar mijinta da shi.

"A bar shi a kwance," in ji ta. "In Hajiya ta yarda in kwana, gobe za ni manna sabo a gaban Hajiya Saudatu. Ni za ni hwaɗa mata."

Gwaggo ta kalle ta kamar yau ta fara ganinta, ta ce to ita ma nan za ta kwana.

Sadiƙa ta haƙa rami a bayan gida ta binne lalataccen, don kada kaji su ci. Ta wanke kwallar da toka da sabulu har sau uku. Hajiya Khadijat ta sa aka karɓo kindirmo wurin mai kawo musu, Sadiƙa ta ɗaure shi a ƙyalle ta rataye kusa da randa. Sai bayan nan ta shiga wurin Hadiyya. Amarya ta ji labarin hannunta a baki, idonta ya kawo ruwa, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta ce Yaya da ko mai gyaran takalmi ba ta iya tsayarwa a hanya, ita ce za ta tsaya gaban Hajiya Saudatu? Ta ce ita sau ɗaya ta ga matar, kuma har yau in ta tuna sai ta gyara zama.

Litinin da hantsi tsakar gidan ta cika da mata. Hajiya Saudatu ta sauko daga babur da sandarta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tabarau, ƙura har gira. Ta sha ruwa, ta amsa gaisuwa a gajarce, ta ce a fito da kaya. Aka jera su a tabarma. Ta bi su da ido tun daga farko, kunnuwa biyu, kunnuwa biyu, har ta iso kan kwalla shuɗiya da ƙyallenta a ninke bisa murfi.

"Wa yak kwance wagga?"

Sadiƙa ta taso daga bayan Gwaggo, ta durƙusa.

"Ni ta, Hajiya. Yayar amarya."

"Kin san ba a yi?"

"Na sani."

Tsohuwar ta ce to ta faɗi dalili, kuma ta ɗaga murya, kunnenta ba na yara ba ne. Sadiƙa ta faɗa tun daga roƙon Hadiyya har zuwa ramin bayan gida. Ba ta ambaci kula ba. Gwaggo ce ta sa baki daga inda take, ta ce yarinyar ta sa abin cikin ƙanƙara, ita ce ta fitar. Hajiya Saudatu ta ɗauki ƙyallen atamfar, wanda ba a wanke ba, ta kai hanci, ta yi saurin ajiyewa. Ta ce a nuna mata abin da aka yi wannan tafiya duka a kansa.

Sadiƙa ta kawo kirim ɗin da ta buga da safe, ta zauna a gaban mata talatin ta fara mannawa. Na farko ya subuce ya faɗi. Na biyu ya zauna. Ta miƙa da hannu biyu. Hajiya Saudatu ta juya shi gaba da baya, ta gutsura da gefen bakin da ke da haƙora, ta daɗe tana taunawa. Ta tambayi abin da ya sa shi ja. Da ta ji karan dafi ne sai ta kalli Hajiya Khadijat ta saman tabarau.

"Abin da babanmu ka rina hwata da shi. Yau ga shi mun ci." Ta gutsuri sauran. "Wanga ba na kasawa na ba. Ba ya zuwa Bahwarawa, ba ya zuwa ko'ina. Nan za a cinye shi, yanzu."

Ta zaɓi huɗu ta sa a murfi ta ce a kai wa amarya ɗaki, tun da ita ta nema kuma ba za ta ci a gabansu ba. Sannan ta juyo kan Sadiƙa ta ce kwance gara ba ya tafiya haka nan. Tun da hannunta ya iya kwancewa, ƙafarta ta iya zagaye: ita za ta ɗauki tire ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta gaya mata sunan abin da yadda aka yi shi. Ta jawo kwanon alkaki gabanta ta kama kunnen ƙullin.

Sadiƙa ta ɗauki tiren. Mace ta farko ba ta ji abin da ta ce ba, sai da ta maimaita. Ta biyu ta tambaya ko da gaske nono ne. Ta uku ta ɗauki biyu ta ce ɗaya na mijinta ne, aka yi mata ca, aka tuna mata ba ya fita gidan, ta cinye duka. Wajen ta goma Sadiƙa ta daina kallon ƙasa, don tiren na neman karkacewa in ba ta duba gabanta ba. Da ta zo wucewa ta ƙofar ɗakin amarya, labulen ya ɗan motsa. Hadiyya ce ke leƙe, da jan gari a gefen bakinta, tana nuna mata da yatsu cewa saura mata goma sha bakwai.